Wannan ƙarar "ciki-ciki" da kuke ji a radiyo, daga ina ta fito?

Jama'a masu saurare, kuna yawan tambayarmu ƙarar nan da muke sakawa tsakanin waƙa da waƙa, kamar ana kartar faifai. To, asalinta kartar faifan ce da gaske.

A unguwar Bronx ta birnin New York abin ya fara, wajen 1975. Wani yaro da ake kira Grand Wizzard Theodore, kamar yadda shi kansa yake ba da labari, uwarsa ta shigo tana faɗa kan ƙarar kiɗa, sai ya dafe faifan da hannu don ya saurare ta. Faifan ya yi gaba ya yi baya ƙarƙashin allura, ya ji wani sauti da ya yi masa daɗi. A 1983 waƙar "Rockit" ta Herbie Hancock ta kai salon ga kunnen duniya.

Sirrin kuwa duk mun san shi tun zamanin kaset. In pil ya yi sanyi, zare ya rage gudu, sai muryar mawaƙi ta yi kauri kamar ta tsoho. In gudu ya ƙaru, ta koma siririya. Hannun mai karta gudun nan yake canzawa cikin ƙiftawar ido, ɗaya hannun yana buɗe sauti yana rufewa. Injin Technics SL-1200 MK2 na 1979 har da maɓallin ja, mai ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin ɗari.

Da ordinater ta zo, sai aka koya mata wannan. Serato Scratch Live, a 2004, ya zo da faifan da babu waƙa a kansa, sai wani sauti da ke shaida wa lojisiyel inda hannu ya nufa da irin saurinsa. VirtualDJ, wadda ta fito a 2003, ita munka fi sani a nan, ko faifan ba ta buƙata. Har akwai abin da faifai bai taɓa iyawa ba: a ƙara gudu murya ba ta canza ba.

Inda muke da magana da ƙannenmu ƴan DJ shi ne, da yawa kartar da wani ya naɗa suke dannawa, ko ta hau kiɗa ko ba ta hau ba. Waɗancan na Bronx bugun ganga suke bi. Mu kuwa sai ka ji an watsa ta tsakiyar baitin mawaƙi, har kan sanarwar biki, a rasa jin sunan amarya.