Yadda Kyamara Ta Koyi Kama Doki a Guje

'Yan'uwa Katsinawa, a zaurukan gidajenmu da yawa akwai tsohon hoto baƙi da fari na kaka a kan doki. Kusan kullum dokin a tsaye yake cik, mahayin ya ɗaure fuska. Ɗan abin da aka ɗauka ana sukuwa kuwa yakan fito dishi-dishi, ƙafafu sun narke cikin ƙura. Yaranmu da suka tashi a nan Madina sukan ɗauka rashin gwaninta ne. Lamarin yana da tarihi, kuma ya dace mu san shi.

Garin da muke zaune tsohon filin tsere ne. Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi (SAW) ya sa an yi tseren dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Ruwaya ce kaɗai ta adana mana wannan. Kyamara ba ta iso Madina ba sai 1861, lokacin da wani hafsan sojan Masar, Muhammad Sadiƙ Bey, ya ɗauki hotunan garin na farko. Na'urar zamanin tana aiki da farantin gilashi da ake shafa wa magani, kuma sai an bar idonta a buɗe na sakan da dama kafin hoto ya kamu. Gini da ganuwa sukan fito sarai. Duk abin da ya motsa sai ya zama hazo, balle doki a guje.

An warware matsalar ne a Amurka. Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya kuma mai bargar dawakin tsere, yana son sanin ko akwai lokacin da kofatai huɗu ke barin ƙasa gaba ɗaya. Ya ɗauko mai hoto ɗan Ingila, Eadweard Muybridge. A watan Yunin 1878, a gonarsa ta Palo Alto, aka jera kyamarori 12 a gefen fili, aka gitta zare a hanya. Goɗiya mai suna Sallie Gardner tana tsinka zaren, kowace kyamara tana ƙiftawa cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Hotunan suka nuna lallai doki yakan tashi sama, amma a daidai lokacin da ya tattara ƙafafunsa ƙarƙashin ciki. Masu zanen Turai sun daɗe suna zana shi a miƙe, na gaba gaba, na baya baya, ashe ido ne ya yaudare su.

Wannan ɓangaren ya shafe ni a matsayina na likita. Étienne-Jules Marey, likita ne Bafaranshe da ya ƙera na'urar rubuta bugun jijiya, ya ga hotunan nan, sai a 1882 ya haɗa kyamara mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a sakan guda. Daga nan nazarin tafiya ta hanyar hoto ya samo tushe. Yau idan muka ɗauki bidiyon mai shanyewar ɓarin jiki, muka rage gudunsa don mu ga inda ƙafa ke ja, sawun waccan goɗiya muke bi.

A gida kuwa, manyan tarukan dawaki da aka fi ɗauka su ne hawan daba na Kano a 1925, da Yariman Ingila ya zo, da na Kaduna a 1956 gaban Sarauniya Elizabeth. A Katsina, Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944) ya shahara da kiwon dawakin sukuwa da kafa wasan folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin folo da aka sani har ƙasashen waje. A 1925 ɗin ne ƙaramar kyamarar Leica ta shiga kasuwa, mai hoto ya samu damar bin doki da hannu.

Ku lura da dabaru biyu a hotunan lokacin. Yawancin hotunan jafi daga gaba aka ɗauke su, domin abin da ya nufo kyamara bai cika dishewa kamar wanda ya gitta ta ba. Wanda ya tsaya a gefe kuwa sai ya juya kyamarar tare da dokin, mahayi ya fito tas, 'yan kallo su zama shafe-shafe. Wannan dishin shi ne shaidar gudun, ba lahani ba ne da za a jefar da hoto saboda shi.

Akwai abin da baƙi da fari ya kasa riƙewa. Akawal da aharas mai duhu kusan kala ɗaya suke fitowa, jan sirdi da koren jalala duk sun koma toka-toka. Sunan doki da na mai shi da ranar hawan suna cikin kan dattawa ne kawai, su kuma suna ta tafiya. Gara da damina suna cin takardun.

Don haka duk wanda zai je gida hutun bana ya zauna da tsoho, ya rubuta sunaye da shekara a bayan hoton da fensir. Kada a manne shi cikin roba mai zafi, tana lalata shi. A kwafe shi a kwamfuta, a aiko wa wannan mujalla. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe abin da suka bari.