Yadda ake komawa kan tsarin cin abinci mai kyau bayan an sake faɗawa cin wuce ƙima

Mutum kan yi wata uku ko shida yana kiyaye abin da yake ci, nauyinsa ya fara raguwa, har tufafin da suka matse shi su soma shigarsa. Sai wani dare ya buɗe firji, kafin ya ankara ya cinye abin da zai ishe shi kwana biyu. Washegari ya tashi da nauyin ciki da nadama, ya sha alwashin ba zai sa komai a bakinsa ba sai rana ta faɗi. Da dare ya yi, sai abin ya maimaita kansa.

Masana halayyar cin abinci sun daɗe da sanin wannan zagaye, kuma abin da suka gano ya saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum a irin wannan safiya. Horar da kai da yunwa bayan an ci fiye da ƙima shi ne ke share fagen ci na gaba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a fara maido da cin abinci a kan lokaci, rage kalori kuma ya biyo baya sannu a hankali.

Mece ce larurar cin wuce ƙima?

A Hausance akan kira mai yawan ci da acici, ko a ce yana da zari ko haɗama, wato a ɗauki abin a matsayin aibin hali. A likitance kuwa an bambanta wanda ya cika ciki a wajen biki da wanda ci ya fi ƙarfinsa.

Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka Albert Stunkard ne ya fara bayyana wannan yanayi a 1959. A 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da shi a matsayin larura mai zaman kanta, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya shi a sabon kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a Janairun 2022.

Bisa ma'aunin likitocin na Amurka, ana cewa mutum yana da larurar idan yakan ci abinci mai yawan da ya zarce na sauran mutane nesa ba kusa ba a ɗan lokaci, kamar cikin sa'a biyu, yana jin ba zai iya tsayawa ba, kuma hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku. Daga cikin alamomin akwai ci da sauri, da ci har sai ciki ya yi ciwo, da ci ba tare da jin yunwa ba, da ci a ɓoye saboda kunya, da ƙyamar kai bayan an gama. Ta bambanta da larurar bulimiya, wadda mai ita kan tilasta wa kansa amai ko ya sha maganin gudawa bayan ya ci.

Me ya sa ake komawa bayan an samu sauƙi?

Dalili na farko yana cikin jiki. A tsakanin 1944 da 1945, masani Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya gudanar da gwaji a kan maza 36 masu ƙoshin lafiya. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24, suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen da a da abinci bai dame su ba sai suka koma ba su da zance sai nasa, wasu har suna tara littattafan girki. Da aka sakar musu mara, da dama suka riƙa cin abinci mai ɗimbin yawa amma suna cewa ba su ƙoshi ba.

Wani bincike da aka yi a Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, aka wallafa a 2011, ya nuna abin da ke faruwa a cikin jini. An sa mutum 50 masu ƙiba a kan abinci mai ƙarancin kalori na mako 10. Shekara guda bayan haka, sinadarin girelin mai tayar da yunwa yana nan sama da yadda yake a da, shi kuwa leftin, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na da isasshen tanadi, yana ƙasa. Ma'ana, wanda ya rage nauyi yana fama da yunwar da ta fi ta da, kuma tana daɗewa.

Dalili na biyu yana cikin tunani. A 1975 masana Peter Herman da Deborah Mack sun shayar da wasu ɗalibai mata madara mai zaƙi, sannan suka ba su ayis kirim su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu sun ci kaɗan, tun da sun riga sun sha madara. Masu takura wa kansu kuwa sai suka ƙara ci, domin a ganinsu dokar ta riga ta karye, ranar ta lalace. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt, wanda ya yi fice a nazarin masu komawa shaye-shaye, ya bambanta zamewa sau ɗaya da komawa gidan jiya gaba ɗaya, ya kuma nuna cewa abin da mutum ya faɗa wa kansa bayan zamewar yana da babban tasiri a kan wanda zai biyo baya.

Sai kuma abubuwan da ke kunna wutar: ɓacin rai, kaɗaici, gajiya, ƙarancin barci, da irin abincin da ke kusa da hannu. A wani gwaji na 2019 a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka, Kevin Hall da abokan aikinsa sun gano cewa mutum 20 da aka ba abincin kamfani wanda aka sarrafa sosai sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, idan aka kwatanta da lokacin da aka ba su abincin da ba a sarrafa ba.

Kwanakin farko bayan zamewa

Abu na farko shi ne a ci abinci na gaba a lokacinsa, ko da ba a jin sha'awa. Wanda ya ci fiye da ƙima da dare ya karya kumallo da safe kamar kullum.

Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford, wanda tsarinsa na magance larurorin cin abinci ya yaɗu a ƙasashe da dama, ya ɗora matakin farko a kan cin abinci sau uku a rana tare da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku, ta yadda ba za a wuce sa'a huɗu ba a ci komai ba matuƙar ido biyu ake. A wannan mataki an fi damuwa da lokacin cin a kan abin da aka ci. Idan jiki ya tabbatar abinci na tafe, matsin da ke kai mutum ga ci ba ƙaƙƙautawa yakan ragu.

Abu na biyu, a bar hawa sikeli na 'yan kwanaki. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya yi daidai da kalori kimanin 7,700. Idan aka ga ƙarin kilo biyu washegari, mafi yawansa ruwa ne da abincin da bai gama narkewa ba, domin jiki na adana kowane giram na sukarin ajiyarsa tare da ruwa kusan giram uku, gishiri ma na riƙe ruwa. Sau ɗaya a mako ya wadatar a auna nauyi.

Abu na uku, a guji hanyoyin ramuwa: tsallake abinci, amai da gangan, motsa jiki har a galabaita, da shayin rage ƙiba da ake tallatawa a shafukan sada zumunta. Da yawa daga irin wannan shayi na ɗauke da ganyen dangin filasko, wanda gudawa yake sawa. Ruwa da gishirin jiki yake zubarwa, kitsen yana nan.

Abu na huɗu, a riƙa rubutawa: me aka ci, ƙarfe nawa, a ina, kuma wane hali ake ciki. Bayan mako ɗaya ko biyu akan ga inda matsalar take. Wani zai gano cewa kullum abin na zuwa ne ranar da bai ci abincin rana ba, wani kuma bayan ya yi waya da gida an ɗora masa wani nauyi.

Idan sha'awar ta taso, ba ta dawwama. Takan yi ƙarfi sannan ta lafa, don haka masana ke ba da shawarar a jinkirta, a fita tattaki, a yi wanka ko a kira wani, har ta wuce.

Yaushe za a koma rage kalori?

A nan ne mutane da yawa ke gaggawa. Ƙa'idojin da cibiyar NICE mai tsara hanyoyin jinya a Ingila ta fitar a 2017 sun ce a shawarci wanda ake yi wa maganin wannan larura da kada ya yi ƙoƙarin rage nauyi ta hanyar takaita abinci a lokacin jinyar, saboda hakan na iya tayar da cin. Don haka wanda yake da larurar sosai, ya bari sai likitansa ya ga lokaci ya yi.

Wanda zamewarsa ta ɗan lokaci ce, kuma ya yi makonni yana ci a kan lokaci ba tare da abin ya dawo ba, zai iya fara ragewa kaɗan. Hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce a matsakaici namiji na buƙatar kalori 2,500 a rana, mace kuma 2,000. Ragin da aka saba ba da shawara shi ne kimanin 600 a rana, wanda kan sa a rasa rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ba sai an rabu da abincin da aka saba ba. Giram ɗaya na mai yana da kalori tara, alhali na sitaci ko na furotin huɗu ne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Gwangwani ɗaya na lemon zaƙi yana da kusan 140. Rage man miya da barin lemon kwalba kaɗai na iya cike rabin giɓin da ake nema.

A faranti kuwa, a ba ganye da kayan lambu rabi, kamar zogale, alayyahu, kabeji ko kuɓewa. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake, kifi, ƙwai ko kaza, sauran kuma tuwo, shinkafa, acca ko doya. WHO na ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu a rana, gishiri ƙasa da giram biyar, da motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako.

Kada a haramta wa kai wani abinci har abada. Abin da aka ce ba za a sake taɓawa ba shi ne zuciya ke kwana da shi. Gara a ci ɗan yanka na kek a zaune cikin mutane da a cinye shi duka a ɓoye.

Idan sha'awar ci ta fara dawowa da ƙarfi, alama ce ragin ya yi yawa, sai a ƙara abincin.

Aikin dare da watan azumi

Mazauna ƙasashen waje da ke aikin dare a asibitoci, gidajen kula da tsofaffi, rumbunan ajiyar kaya ko tuƙin tasi suna fuskantar ƙarin ƙalubale: barci ba ya isa, lokacin ci ba ya tsayawa, kuma abin da ke buɗe da tsakar dare galibi shagon soye-soye ne. Abin da ke taimakawa shi ne a lissafa sa'o'in ci daga lokacin da aka tashi daga barci, a kuma tafi aiki da abincin da aka dafa a gida.

A watan Ramadan, doguwar yunwa da teburin buɗa-baki mai cike da soye-soye na iya tayar da larurar. Kada a bar sahur, a buɗa baki da abu kaɗan, a dakata, sannan a ci abinci a zaune. Wanda ake yi wa magani ya tattauna da likitansa da malaminsa tun kafin watan ya kama.

Yaushe ya kamata a nemi likita?

A nemi taimako idan abin na faruwa kowane mako, ko an fara amai da gangan ko shan maganin gudawa, ko ana da ciwon suga, hawan jini ko juna biyu. Idan ƙunci ya kai ga tunanin cutar da kai, wannan na buƙatar kulawar gaggawa.

Larurar na da magani. Wanda aka fi dogara da shi shi ne gyaran tunani da ɗabi'a ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. A Ingila akan fara da littafin taimakon kai tare da jagorancin ma'aikacin lafiya, idan bai wadatar ba a shiga zaman rukuni sau 16 cikin wata huɗu. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta amince da maganin Vyvanse ga manya masu wannan larura a 2015, amma sai da takardar likita. Akwai kuma ƙungiyoyin tallafi irin su Beat a Birtaniya, da Overeaters Anonymous wadda aka kafa a Los Angeles a 1960, wadda ke yin taruka har ta intanet.

Iyali ma na da rawar takawa. Gori da zolaya da ƙirga wa mutum loma na ƙara tura shi cin ɓoye, haka ma matsa masa da a ƙara masa tuwo bayan ya ce ya ƙoshi. Abin da ya fi amfani shi ne a zauna a ci tare da shi a kan lokaci, a daina zancen jikinsa, a kuma raka shi asibiti idan ya nema.