'YAR GALILIYO

'Yan uwana mata, tun ina 'yar aji uku a sakandare malamin jogarafi ya ba mu labarin Galiliyo a taƙaice: wai wani Bature ne da ya ce duniya ce take zagaya rana, sai manyan coci suka kulle shi. Shi ke nan labarin. Sai da na girma, na yi aure, na shiga karance-karance, sannan na gano ashe akwai wata 'ya mace a tsakiyar rigimar nan wadda ba a faɗa mana ba. Ita ce ta sa na ɗauki biro yau.

An haifi Galiliyo a garin Pisa na ƙasar Italiya a 1564. A 1609 ya haɗa madubin hangen nesa, farkon 1610 kuma ya hango wata huɗu suna zagaya Jupita. To, ashe ba komai ne yake zagaya duniyarmu ba! Wannan ya ƙarfafa masa gwiwa a kan maganar Kofanikus, wani ma'aikacin coci ɗan Folan, wanda littafinsa na 1543 ya ce rana ce a tsakiya.

Matsalar ita ce a Littafi Mai Tsarki akwai inda Joshuwa ya yi roƙo rana ta tsaya. Malaman cocin Katolika suka ce, ai abin da yake tafiya shi ake tsayarwa. Galiliyo kuwa Kirista ne, bai taɓa cewa ya bar addininsa ba. A wasiƙar da ya rubuta wa gimbiya Kiristina a 1615, ya nuna cewa Littafin ba ya kuskure, amma masu fassara suna iya yi. Duk da haka a 1616 aka ja masa kunne.

Ya yi shiru har abokinsa ya zama Fafaroma Urban na Takwas, sai ya ga kamar hanya ta buɗe. A 1632 ya fitar da littafi na hira tsakanin mutum uku, ya kuma sa hujjar Fafaroma a bakin wanda yake shan kaye a gardamar. Kun san manya da raini. Ga shi lokacin ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, ana zargin Fafaroma da sakaci wajen kare ɗariƙarsa. Sai siyasa da zuciya suka shiga maganar taurari. Ranar 22 ga Yuni, 1633, tsoho ɗan shekara 69 ya durƙusa a Roma ya janye maganarsa, aka yanke masa ɗaurin da ya koma zaman gida har mutuwa.

Yanzu ga yarinyar. Sunanta Birjiniya, an haife ta a 1600. Da yake uban bai auri mahaifiyarta ba, samun miji na daraja ya yi wuya, tana 'yar shekara goma sha uku ya kai ta gidan sistoci a Arcetri, kusa da Fulorens, ita da ƙanwarta. Nan ta ɗauki suna Mariya Celeste. Gidan na talauci ne, ita ce mai haɗa magani. Tana gyara wa uban kwalar riga, tana yi masa alawar ɓawon lemo, tana aika masa ƙwayoyin magani. Wasiƙunta 124 suna nan har yau, amsoshinsa ne suka ɓace.

Ku ɗan saka kanku a matsayinta. Cocin da ta ba wa rayuwarta kacokan ita ce ta hukunta uban da take ƙauna. Wa za ta bi? Allah sarki, ba ta zagi coci ba, ba ta kuma juya wa uba baya ba. Daga cikin ɗakin ibada ta riƙa lura da gidansa da lambunsa da kuɗinsa. A cikin hukuncin an ɗora masa karanta Zabura bakwai na tuba kowane mako har shekara uku, sai ta ɗauki wannan nauyin a kanta. Ya dawo Arcetri a Disamba 1633, ita kuma ciwon atini ya ɗauke ta a Afrilu 1634, tana da shekara 33. Shi ya makance daga baya, ya rasu a 1642.

Gaskiya dai ba ta tsufa. A 1835 aka cire littafin daga jerin haramtattu, a 1992 kuma Fafaroma John Paul na Biyu ya amsa a fili cewa malaman wancan zamani sun yi kuskure, sun kasa raba nassi da fassararsa. Shekara 359 kafin a faɗi abin da Galiliyo ya faɗa tun farko!

Ni dai abin da na tsinta shi ne, ba imani ne ya yi faɗa da ilimi ba, girman kai ne da tsoron faɗuwar kujera. Manyan maza masu manyan riguna sun ga dole a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya. Mace guda mai daka magani a turmi ta riƙe biyun har ta koma ga Mahaliccinta. Duk ranar da yaronki ya dawo daga makaranta da tambayar da ta fi ƙarfinki, 'yar uwa, kada ki yi saurin buge masa baki. Ki ce masa ya zauna ku bincika tare.