Cunkoson Bayanai a Allon Talabijin da Tasirinsa ga Fahimtar Labarai a Masarautar Yauri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bahasi a kan al'adar tara saƙonni da yawa a allo guda lokacin karanta labarai, ta kuma auna illar hakan ga mazauna Yauri da Ngaski da Shanga. Natijar da aka cimma ita ce, yawan bayani a allo kan tauye fahimta, musamman inda harshen rubutun ba shi ne harshen mai kallo ba.

Muƙaddima

Tun da aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, galibi allon labarai bai wuce mai gabatarwa da hoton abin da ya auku ba, har zuwa ranar 11 ga Satumba, 2001, lokacin da tashoshin Amurka irin su CNN da Fox News suka mayar da rubutun da ke gudana a ƙasan allo ɗabi'a ta dindindin, sannan sauran tashoshin duniya, har da namu, suka yi koyi da su, suka ƙara da tambari da agogo da kanun labarai da hotuna biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Hujjar Masana

Annie Lang ta bayyana a shekarar 2000 cewa hankalin ɗan Adam yana da iyaka wajen karɓar saƙo da adana shi, ta yadda duk abin da ido ya ɗauka na ƙari, daga rabon kunne aka rage shi. Binciken Bergen da Grimes da Potter na 2005 ya ƙarfafa wannan ƙa'ida, domin waɗanda suka kalli labarai a cunkusasshen allo sun riƙe bayanai kaɗan bisa ga waɗanda suka kalle su a allo tsarkakakke.

Halin da Ake Ciki a Bakin Tafkin Kainji

Mas'alar ta fi tsanani a wannan yanki na Masarautar Yauri, inda Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa masunta suke haɗuwa a kan harshen Hausa, inda kuma mutane da dama suka fi ƙwarewa a ajami bisa boko, alhali yawanci rubutun allo da Ingilishi yake zuwa, cikin ƙananan haruffa masu saurin wucewa, ga jama'ar da galibi a taro take kallo, a gidan kallo ko wurin mai shayi, nesa da akwatin.

A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kuma a ranar 17 ga Yuni, 2021, aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A irin waɗannan ranaku na musiba, abin da iyaye da dangi suke buƙata shi ne sunan wuri da adadin waɗanda aka ceto da inda za a nufa, kuma idan aka jefa waɗannan cikin rubutu mai gudu tare da sakamakon ƙwallo da farashin canji, to an bar wa jita-jita fili, an kuma saɓa wa sharaɗin malaman balaga na cewa magana ta dace da halin mai sauraro.

Kammalawa

Wajibi ne masu tace labarai su gabatar da mafi muhimmanci a kan muhimmi, su dakatar da rubutun ƙasan allo yayin sanar da musiba, su sa a furta adadi da sunayen garuruwa da baki cikin Hausa. Ya kuma kamata Hukumar Kula da Kafofin Watsa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ta shimfiɗa ƙa'ida a kan haka, domin labari amana ne, kuma ba a sauke amanarsa sai wanda aka nufa da shi ya fahimta.