Wa Ya Ƙirƙiro Jif? Taƙaddamar Bantam da Willys a Kan Motar Sojan Amurka

Kamfanin da ke ƙera motocin Jeep a yau yana ƙirga shekarunsa ne daga 1941, kuma a kan wannan lissafi ya yi bikin cika shekara 80 a 2021, alhali mutanen garin Butler da ke jihar Pennsylvania a Amurka, waɗanda ke shirya bikin tunawa da motar duk shekara, sun dage cewa a garinsu aka fara ƙera ta a 1940. A ƙarƙashin wannan saɓani na shekara guda akwai tsohuwar taƙaddama a kan wanda ya cancanci a kira shi maƙirƙirin motar da sojojin ƙawance suka yi Yaƙin Duniya na Biyu da ita.

Bayan Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yuni na 1940, rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ga cewa doki da babur ba za su ƙara wadatar da ita wajen leƙen asiri da kai saƙo a fagen daga ba, don haka a watan Yuli ta aika wa kamfanoni 135 takardar neman ƙaramar mota wadda injinta zai riƙa juya ƙafafunta huɗu gaba ɗaya, domin ta iya ratsa taɓo da yashi da tudu. Sharuɗɗan sun yi tsauri, domin an ce kada nauyinta ya wuce kilo 590, kuma a kawo samfurin gwaji cikin kwana 49. Kamfanoni biyu kacal suka amsa, wato American Bantam na Butler da Willys-Overland na birnin Toledo a jihar Ohio, kuma da yake Willys ya nemi ƙarin lokaci, sai kwangilar ta faɗa hannun Bantam, ƙaramin kamfani mai ma'aikata ƙalilan wanda kasuwar ƙananan motocinsa ta riga ta durƙushe.

Bantam ya ɗauko Karl Probst, wani injiniya mai zaman kansa daga Detroit, wanda ya kammala zanen motar cikin 'yan kwanaki, shi kuma Harold Crist, manajan masana'antar, ya jagoranci harhaɗa ta da hannu. Ranar 23 ga Satumba 1940, wadda ita ce ranar cikar wa'adi, aka tuƙa motar daga Butler zuwa sansanin Holabird da ke jihar Maryland, inda sojoji suka shafe makonni suna gana mata azaba a ramuka da gangare, kuma ta gamsar da su.

A nan ne rigimar ta samo asali. Rundunar ta bar injiniyoyin Willys da na Ford suka zo suka duba motar a filin gwaji, har ta miƙa musu zanenta, bisa hujjar cewa zanen mallakin gwamnati ne kuma Bantam ba shi da kuɗi ko masana'antar da za ta ƙera adadin da yaƙi zai buƙata. A watan Nuwamba kamfanonin biyu suka kawo nasu samfuran, Quad daga Willys da Pygmy daga Ford, waɗanda kamanninsu da ta Bantam ba ya ɓuya, sannan aka ba kowanne daga cikin kamfanonin uku odar mota 1,500.

Ba za a hana Willys haƙƙinsa ba, domin injin da babban injiniyansa Delmar Roos ya inganta, wanda aka laƙaba wa suna Go Devil, yana da ƙarfin doki 60, alhali na abokan takararsa bai kai 50 ba. Matsalarsa ita ce nauyi, don haka ko bayan an sassauta sharaɗin zuwa kusan kilo 980, sai da Roos ya bi motar gaɓa-gaɓa yana rage tsawon ƙusoshi da kaurin ƙarfe, har ma da yawan fenti. A watan Yuli na 1941 Willys ya samu kwangilar mota 16,000 ta ƙirar da aka kira MB, daga baya kuma aka umarci Ford ya riƙa ƙera irinta da sunan GPW. Kafin ƙarshen yaƙin kamfanonin biyu sun fitar da mota kusan 640,000, shi kuwa Bantam bai wuce kimanin 2,700 ba, waɗanda akasarinsu aka tura Birtaniya da Tarayyar Sobiyet, sannan aka mayar da shi mai ƙera tirelar da jif ɗin wasu ke ja. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Abin da ya fi ƙona ran mutanen Butler shi ne tallace-tallacen Willys na lokacin yaƙi, waɗanda suka nuna cewa injiniyoyinsa ne suka ƙirƙiro motar. A 1943 Hukumar Kula da Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta shigar da ƙorafi a kan tallan, kuma a 1948 ta yanke cewa tunanin motar da ƙirarta ta farko sun fito ne daga Bantam tare da haɗin gwiwar wasu hafsoshin soja, ta kuma hana Willys ci gaba da wannan iƙirari. Hujjar rundunar ta neman babban kamfani tana da ma'ana a lokacin yaƙi, amma ba ta sauya jerin abubuwan da suka faru ba: Bantam ne ya ƙirƙira, Willys ya inganta, Ford ya taimaka wajen yawaitawa. Sai dai hukuncin bai amfani Bantam da komai ba, domin a 1950 Willys ya samu rajistar sunan Jeep a matsayin tambarin kasuwancinsa, Bantam kuwa wani kamfanin ƙarafa ya haɗiye shi a 1956.

Daga nan sunan ya yi ta sauya iyayen gida, daga Kaiser a 1953 zuwa American Motors a 1970 da Chrysler a 1987, har zuwa Stellantis na yau, yayin da sojan Amurka ya koma ga wasu motocin, M151 sannan Humvee. Tasirin ƙirar ya fi bayyana a wajen Amurka, domin a kan ƙashin wata jif aka gina samfurin farko na Land Rover a Ingila a 1947, kuma Toyota ya fito da irin tasa a 1951 da sunan Jeep BJ. Ƙorafin Willys a kan tambarinsa ne ya sa Toyota sauya mata suna zuwa Land Cruiser a 1954, motar da sojojin Chadi suka ɗora wa makamai, tare da Hilux, suka fatattaki tankokin Libiya a 1987.