Daga gwanjo zuwa taska: tarihin darajar tsohuwar jitar lantarki (1950-2019)

1. Gabatarwa

A kowace kasuwa, abin da ya sha hannu farashinsa faɗuwa yake yi. Haka mota take, haka keken ɗinki. Amma jitar lantarki, wadda a Nijar muka fi kira gitar, ta saɓa wa wannan ƙa'ida: wasu da aka ƙera a Amurka tsakanin 1950 da 1965 sun ninka kuɗinsu na farko sau ɗaruruwa. A wannan ɗan nazari za mu bi diddigin dalilan da suka kawo haka, sa'an nan mu duba abin da ya haifar ga mai saye don ya kaɗa.

2. Kalmar kanta

Ƴan kasuwar suna kiran irin wannan jita da kalmar Ingilishi vintage, wadda tushenta ɗaya da vendange ta Faransanci, wato girbin inabi. Daga girbi ma'anar ta koma ga abin da aka tatsa a wata shekara takamaimai, abin da Faransawa ke kira millésime. Ke nan kalmar shekarar ƙira take nunawa, ba yawan shekaru ba. "Tsohuwa" ba ta ɗauke wannan ma'ana ba, "gwanjo" kuwa rage daraja take yi. Saboda haka muka zaɓi "jitar dauri".

3. Zamanin ƙira

A 1950 Leo Fender ya fitar da jita mai gangar katako marar rami a Fullerton ta jihar Kalifoniya, wadda aka raɗa wa suna Telecaster a 1951. Stratocaster ta biyo baya a 1954. Kamfanin Gibson na Kalamazoo ya mayar da martani da Les Paul a 1952. Sautin irin waɗannan jitoci yana fitowa ne daga maɗauki, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla: idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗu a kansa, sai a sami ɗan lantarkin da na'urar ƙara sauti za ta ɗaga. A 1957 Gibson ya fara sanya maɗauki mai naɗi biyu, ƙirƙirar Seth Lover, wanda ke kashe gunjin lantarki.

Abin lura shi ne, Les Paul Standard ta 1958 zuwa 1960, wadda ake rububi a yau, ba ta yi kasuwa ba a lokacinta. Ana ganin ta yi nauyi, kuma ta tsufa a ido. Kimanin 1,700 kawai aka ƙera, kana a 1961 aka maye gurbinta da wata sura dabam.

4. Dalilai uku

Dalili na farko kiɗa ne. A 1966 Eric Clapton ya haɗa tsohuwar Les Paul da na'urar Marshall a faifan da ya yi tare da John Mayall a Ingila. Samari suka shiga neman wannan sauti, ga shi kuwa an daina ƙera jitar. Dole suka koma shagunan kayan hannu da na jingina. Da Gibson ya dawo da Les Paul a 1968, fasalinta bai zo daidai da na 1959 ba, sai neman ta dauri ya ƙaru.

Na biyu shi ne sauyin masu kamfani. A Janairun 1965 CBS ya sayi Fender a kan dalar Amurka miliyan 13. A 1969 Gibson ya faɗa hannun rukunin da aka sani daga baya da suna Norlin. An ƙara yawan abin da ake ƙerawa, an sauya fenti zuwa mai kauri, kuma a 1971 aka rage kusoshin wuyan Stratocaster daga huɗu zuwa uku. Makaɗa suka fara raba tarihi gida biyu: kafin CBS da bayan CBS.

Na uku, dillalai. A 1970 George Gruhn ya buɗe shago a Nashville, kuma rubuce-rubucensa sun taimaka wajen tsara ilimin tantancewa: lambar masana'anta, kwanan watan da aka rubuta a gindin wuya, lambobin maɓallan sauti. Da aka sami ma'auni, sai aka sami farashi.

5. Hujjojin da ke ƙalubalantar wannan rabo

Ba mu ganin rabon "kafin" da "bayan" ya tsaya da ƙafafunsa ta fuskar sauti. Stratocaster ɗin da Jimi Hendrix ya kaɗa a Woodstock a 1969 ƙirar 1968 ce, ta zamanin CBS. Baƙar jitar David Gilmour ƙirar 1969 ce, an sauya mata wuya da maɗaukai sau da dama, amma an sayar da ita dalar Amurka miliyan 3.975 a 2019. Blackie ta Clapton kuwa haɗe-haɗe ce daga jitoci uku da ya saya a Nashville a 1970. Ta kai dala 959,500 a 2004. A nan hannun da ya kaɗa aka saya, ba ainihin katakon ba. Ke nan kasuwa tana auna abu biyu masu karo da juna: jitar da ba a taɓa ba, da jitar da wani shahararre ya taɓa har ta lalace.

6. Matsalar mai kaɗawa

Wanda ya sayi jitar dauri don aiki yana tsaka mai wuya. Ƙarafan wuya suna cinyewa, maɓallai suna ƙara, wayar maɗauki tana tsinkewa. Gyara shi ke sa ta kaɗu, amma kowane gyara yana rage kuɗinta. Sabon fenti kaɗai yakan zaftare kusan rabi. Ga kuma jabu, tun da wuyan Fender da kusoshi aka ɗaure shi, musanya shi ba wuya. Ga doka: tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa itacen Dalbergia nigra na Barazil, wanda aka yi fuskar wuyan da yawa daga cikinsu da shi, a jerin da aka fi tsanantawa, har ƙetare iyaka da jitar yakan bukaci takarda. Sakamakon haka, da yawa sun bar dandali sun koma akwatin masu tarawa. Kamfanonin su ma sun karanci kasuwar: a 1982 Fender ya fara sake ƙera tsofaffin samfura, a 1995 kuma ya fara sayar da sababbi da aka ƙoƙe da gangan don su yi kama da masu shekaru.

7. Kammalawa

Darajar jitar dauri ba a masana'anta aka ƙera ta ba. Makaɗa, dillalai da suna ne suka gina ta bayan an daina ƙirar. Wannan bai hana wasunsu zama nagartattu ba, sai dai nagarta da tsada ba abu ɗaya ba ne. Misali yana kusa da mu: Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, da wayoyin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma kiɗansa ya kai manyan dandalin Turai da Amurka. Ga mai saye, shawararmu ita ce ya fara tantance abin da yake nema, sauti ko ajiya, domin jitar da ta sha gyara, wadda masu tarawa ke gudu, sau da yawa ita ce ta fi dacewa da hannun makaɗi da aljihunsa.