Maganaɗisu Mai Kaurin Atom Ɗaya: Tarihinsa da Rabonmu a Ciki

Ƴan uwana ɗalibai, akwai wani reshen ilimin fizik da aka buɗe ƙofarsa a 2017, kuma har yanzu bai cika da mutane ba. Tarihinsa nake so in ba ku, domin a ganina ɗan Dakoro mai burin digirin dakta yana da wurin zama a ciki.

Mu fara da shi kansa maganaɗisu, wanda wasu ke ce wa mayen ƙarfe. Kowane atom da ke cikin ƙarfe kamar ƴar allurar kamfas yake. Idan allurorin suka fuskanci waje guda, ƙarfen ya zama maganaɗisu. Zafi kuwa watsa su yake, shi ya sa ƙarfe ke rasa wannan ƙarfi in ya kai digiri 770. A 1966, David Mermin da Herbert Wagner suka nuna ta lissafi cewa a falle mai kaurin atom ɗaya, in allurorin ba su da wani ɓangare da suka fi karkata gare shi, ko zafi ɗan kaɗan ya isa ya watsa su. Lokacin ma ba wanda ke da irin wanga falle a hannu balle ya gwada.

Fallen ya samu a 2004, a Jami'ar Manchester ta Ingila. Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɗauki girafayit, wato baƙin nan na cikin fensir, suka yi ta ɓare shi da salatif har ya koma falle ɗaya, aka kira shi girafin. Wallahi da salatif! A 2010 suka karɓi kyautar Nobel. Sai dai girafin ba maganaɗisu ba ne, don haka tambayar 1966 tana nan.

A 2017 aka samu amsa daga Amurka. Ƙungiyar Xiaodong Xu ta Jami'ar Washington, tare da ta Pablo Jarillo-Herrero ta MIT, suka ɓare wani sinadari, CrI3, suka tarar falle guda maganaɗisu ne. Lissafin Mermin da Wagner bai yi ƙarya ba, allurorin wanga sinadari ne ke da ɓangaren da suka fi so. Abin mamaki, in aka ɗora falle biyu ƙarfin sai ya kashe juna, a ƙara na uku ya dawo. A shekarar kuma ƙungiyar Xiang Zhang ta Berkeley ta ga makamancin haka a wani sinadarin.

Za ku ce, to mi ya shafe mu? A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus suka gano cewa siraran fallayen ƙarfe na sauya yadda lantarki ke wucewa idan maganaɗisu ya kusance su. Zuwa 1997 kamfanin IBM ya sa binciken cikin faifan ajiyar kwamfuta. Shekara 9 ke nan tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa. Irin wannan fata ake yi wa sabbin fallayen: ma'ajiyar bayanai ƙarama mai cin wuta kaɗan. Mu da ke lissafin cajin waya kullum mun san darajar haka.

Amma aikin da saura. Fallen CrI3 maganaɗisu ne kawai in sanyi ya kai digiri 228 ƙasa da sifili, kuma iska na lalata shi nan da nan. Ku auna wannan da zafin Afrilu a Dakoro, da ke wuce digiri 40! A 2018 ƙungiyar Yuanbo Zhang ta Jami'ar Fudan a Sin ta yi amfani da lantarki ta ɗaga ƙarfin wani sinadari, Fe3GeTe2, har zuwa zafin ɗaki. Neman fallen da zai jure zafi da iska, a kuma iya ƙera shi da yawa, nan ne batutuwan digirin dakta suke.

Kar wani ya ce fizik ba gadonmu ba ne. Abdu Mumuni Dioffo a Tasawa aka haife shi, a 1929, nan cikin jiharmu ta Maraɗi. Ya yi digirin dakta a Faransa a 1967 kan makamashin rana, ya shugabanci ONERSOL daga 1969 zuwa 1985, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Abin da na fi riƙewa a tarihinsa shi ne ya shiga fagen tun ba a cika shi ba, kuma ya dawo gida da abin da ya koyo.

Gaskiya ita ce gwajin waɗannan fallaye na buƙatar na'urorin sanyaya masu tsadar gaske, irin na Cibiyar Néel da ke Grenoble. Amma babban ɓangaren binciken lissafi ne da kwamfuta, ana hasashen halin sinadari tun kafin a ƙera shi. Manhajar Quantum ESPRESSO kyauta ce. Tun 2010 ake shirya ASESMA, makarantar ɗan gajeren lokaci da ke zagaya ƙasashen Afirka tana koyar da irin wanga lissafi. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana da difloma ta shekara ɗaya mai shirya ɗaliban ƙasashe masu tasowa don shiga dakta. Kusa da mu akwai AUST a Abuja. Ƴan uwa mata kuma, ƙungiyar OWSD na ɗaukar nauyin karatun dakta na mata.

Hanyar tana farawa ne daga lise: a riƙe lissafi da fizik, a ci bak, a yi lisans da masta a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko a Yamai. Sai Ingilishi, domin da shi ake rubuta kusan duk binciken, kuma faransancinmu kaɗai ba zai kai mu ba. Wuraren kaɗan ne, masu nema da yawa, ga matsalar wuta da intanet. Duk da haka, da rashin tayi akan bar arha. Salula ta zo mana a ƙere, kwamfuta ma haka, mu dai saye. Wanga fage kuwa ana kan rubuta tarihinsa, kuma wanda ke aji na ƙarshe a lise bana bai makara ba.